Kafin mu zagi kwalta, mu leƙa ƙarƙashinta

Jama'a, duk shekara da ruwan Agusta ya ɗauke sai mu hau zagin kwalta a Kano, wai ba ta da kauri, wai an yi ha'inci. Ni dai ƙasar da ke ƙarƙashinta nake zargi. Kwaltar da ido ke gani kaurinta bai wuce 'yan yatsu ba, ƙasa ce ke ɗaukar nauyin tirela. In ta sha ruwa ta yi laushi, kowace irin kwalta aka shimfiɗa sai ta dare.

Maganin kuwa sananne ne wajen injiniyoyi: a ƙarfafa ƙasar tun kafin a ɗora mata komai. A ɗebi samfurinta a kai ɗakin gwaji. In marmara ce ko rairayi, a cakuɗa ta da siminti kaɗan, sau da yawa kashi 4 zuwa 7 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, rola ta danne, a riƙa jiƙa ta har kwana 7. In yumɓu ne mai kumbura da damina ya tsattsage da rani, ƙonanniyar farar ƙasa ce ke kashe masa wannan hali. Duk wanda ya bi hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala a jihar Borno ya san aikin irin wannan baƙar laka. Maginanmu na dā ma ba sa ɗora tsurar ƙasa; sai sun kwaɓa ta da ciyawa, su yi yaɓe da makuba.

Masu cewa tsada fa? Su lissafa tifa nawa za ta kwashe ƙasar da aka ƙi, nawa za ta kawo burji daga nesa, ga dizal, ga sabon ramin da za a bari a ƙauyen wasu. Gyara ƙasar wurin yakan rage duk wannan, har tsakuwar da za a zuba ta ragu.

Inda abin ya fi damuna shi ne kududdufan cikin birni da aka cike da shara aka yanka filaye. Can siminti a sama ba ya wadatarwa, sai an kwashe juji tukuna, amma sai ka ga bene hawa uku ya tashi a kai.

Matsalar ita ce ba a yanka kirtanin buɗe aiki a kan abin da aka binne. In ranar biki ta matso, kwana 7 ɗin nan ake fara tsallakewa.