Ga wanda tekunsa ya ƙafe tun ba a je ko'ina ba

Jama'a, akwai wani a garin nan da ya mayar da kushe gem ɗin kwamfuta na SimEarth sana'a. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Duk majalisar da ya zauna, daga Farm Centre har Zoo Road, karatunsa ɗaya ne: wai gem ɗin tsofaffi ne, hotonsa dishi-dishi, babu gudu, babu harbi, babu ƙwallo. Abin da ba ya faɗa shi ne yadda tasa duniyar ta ƙare ranar da aka miƙa masa laftof.

Waɗanda ke wurin sun gani da idonsu. Bai tsaya ya tambayi komai ba, ya ja ma'aunin ɗumamar yanayi har ƙarshe, ya rage gajimare, ya harɗe hannu yana jiran a tafa masa. Shuɗin da ke kan taswira ya fara janyewa gida-gida, teku ya tafasa ya ƙafe, 'yan halittun da suka fara motsi a ruwa suka mutu ƙurmus. Fuskar Gaia, wato duniyar nan mai ido da baki da gem ɗin ke nunawa a gefe, ta murtuke. Sai gogan ya rufe laftof ya ce ai gem ɗin ne bai yi ba.

To malam, a 1990 kamfanin Maxis ya fitar da shi, shekara ɗaya bayan SimCity, gem ɗin gina gari, kuma Will Wright ne dai ya tsara shi, wanda daga baya ya yi The Sims a 2000. A nan ba gari ake damƙa maka ba, duniya ce sukutum, da wa'adin shekara biliyan 10 kafin rana ta gama da ita. Aman duwatsu, motsin nahiyoyi, ruwan sama, yawan iskar shaƙa, duk a hannunka, kuma ba ka taɓa ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba. Littafin bayaninsa kaɗai ya haura shafi 200. Wanda ya ba su shawara shi ne James Lovelock, masanin kimiyya ɗan Ingila da ya rasu a 2022 yana da shekara 103, mai ra'ayin cewa halittu da iska da teku da ƙasa suna aiki tare wajen daidaita yanayi.

Ni abin da ya fi kama min zuciya a gem ɗin shi ne sashen Daisyworld. Duniya ce da babu komai a kanta sai furanni, baƙaƙe da farare, rana kuma tana ƙara zafi a hankali. Lokacin sanyi baƙaƙen ne ke yaɗuwa, suna shan zafin rana suna ɗumama ƙasa. Da zafi ya ƙaru sai fararen su karɓe fili, su riƙa mayar da hasken sama. Haka yanayin zai tsaya daidai na tsawon zamani ba tare da kowa ya sa hannu ba, har ranar da zafin ya fi ƙarfinsu, komai ya rushe lokaci guda. Duk Bakanon da ya taɓa sa baƙar riga a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya riga ya san rabin wannan darasi a jikinsa. Mu da hamada ke matso mu daga arewa, ana sare bishiya ana ƙona gawayi, mu ne za a ce wannan gem ba shi da abin faɗa mana?

Ba na cewa ba shi da aibu. Yana da wuyar shiga, sau da yawa abu zai lalace bai gaya maka dalili ba, wani lokacin kuma aikinka kallo ne kawai. Wanda ya zauna da shi ya kawo wannan ƙorafi, zan saurare shi har ya gama. Amma mutumin da bai taɓa kai halitta ɗaya tudu ba, balle ya ga ranar da birane ke ɗaura injina su tashi su bar duniyar, da wane baki?

Abin da ya ƙona min rai ma ba kushen ba ne. Ƙannenmu ne da suka wahala suka sa DOSBox, manhajar da ke buɗe tsofaffin gem a sabuwar kwamfuta, don su gwada, ya bi su da dariya a gaban mutane, har ɗayansu ya goge gem ɗin don kunya. Yaro ya fara tambayar me ke sa ruwan sama, kai babba ka kashe masa gwiwa saboda kar a tuna da tekunka.

Laftof ɗin yana nan, da caji. Ka zo bayan la'asar a buɗe maka duniyar Venus a gem ɗin, ka sauko da zafinta har ciyawa ta tsiro, sannan mu ji ra'ayinka.