Wasu na gasa hanyar iska, mu ko wutar kunna na'ura mun rasa

Daren Talata, ƙarfe biyu saura kwata, huka ta taso wa uwargidana. Wanda bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai asma ba, ba zai gane ba. Tana zaune bakin gado ta dafe gwiwoyi, ƙirjinta na kuka kamar an shaƙe mage, ko kalma biyu ba ta iya haɗawa. Ga hunturu, ƙura ta lulluɓe Katsina tun sati guda. Ta shaƙi shuɗin inhelarta, wato abin shaƙar maganin asma na lokacin da ciwon ya tashi, har ya koma fitar da iska zalla. Na buga wa maƙwabcina mai Napep ƙofa, Allah Ya saka masa da alheri, ko takalmi bai tsaya nema ba.

Muka isa asibiti, duhu ƙirin. An ɗauke wuta, janareta ba mai. Na'urar turara maganin tana kan tebur, na gan ta da idona, an nannaɗe igiyarta tsaf kamar kayan lefe. Tukunyar oksijin ɗaya ce, wani dattijo ke kai. Malamar jinya ta haska takarda da fitilar wayarta ta rubuta, ta miƙo mini.

"Malam, je ka sayo wannan allurar a waje, ka haɗo da sirinji."

Na ce, "Malama, wane kemis ne a buɗe yanzu?"

Ta ce, "To ni ya zan yi?"

Kuma gaskiyarta. Ba da ita nake ba, da waɗanda suka bar ta da fitilar waya nake.

Abin da ya ƙara tafasa mini zuciya shi ne, watan jiya ƙanenta da ke karatu a waje ya kira yana ɗoki, wai akwai aikin da ake yi wa masu asma mai tsanani, sunansa tamoplasti. Na kai maganar gaban likitanta, ya yi mini bayani dalla-dalla. Ba yanka ake yi ba. Bututu mai kyamara ake zurawa ta hanci ko baki har cikin huhu, a bi da siririyar waya da ke ɗumama bangon hanyar iska zuwa digiri 65, daƙiƙa goma a kowane gurbi. Zafin yana rage kaurin tsokar nan da ke matsewa ta toshe numfashi idan ciwon ya tashi. Zama uku ake yi, sati uku tsakani: ƙasan huhun dama, ƙasan na hagu, sannan saman duka biyun. Amurka ta amince da shi tun 2010, ga 'yan shekara 18 zuwa sama waɗanda maganin shaƙa ya kasa riƙe ciwonsu. Ya kuma ce kada in ɗauka waraka ce: ba a daina magani, kuma kwanakin farko bayan aikin ciwon kan ƙara tsananta, wasu har sai an kwantar da su.

Sai ya cire tabarau ya ce, "Malam, kafin a kai ga wannan, tana shaƙar inhela na rigakafi kullum, safe da yamma?"

Na sunkuyar da kai. Ina za ta shaƙa kullum? Tun 2023, da wani babban kamfanin magani na Ingila ya tattara komatsansa ya bar Najeriya, ga Naira ta faɗi warwas, kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabo. Na rigakafin, mai hana kumburin hanyar iska, shi ya fi tsada. Sai ta koma yi masa tattalin gishiri, yau ta shaƙa, gobe ta ce ta ji sauƙi. Ni kuwa na san ƙarya take, tausayin aljihuna take ji.

To ku gaya mini, da wane baki zan yi maganar digiri 65? Shekara goma sha da fara wannan aiki a wata duniyar, mu a nan abin da ya gagare mu shi ne lita biyar ta mai. Manyanmu in sun yi atishawa sai Masar ko Indiya, su dawo a yanka musu rago. Ban ce a kawo mana tamoplasti Katsina gobe ba. Na ce a sa sola ɗaya a ɗakin gaggawa, ga rana nan tana dukanmu kyauta har cikin hunturu. A ajiye allurar asma a cikin kabad, a caje ni kuɗinta da safe, zan biya.

A daren nan sai da muka zaga har Ƙofar Ƙaura, na tashi wani mai kemis da na sani daga barci. Da na dawo leɓunanta sun canza launi. Aka yi allurar, wajen kiran assalatu aka kawo wuta, aka kunna na'urar da ta kwana tana kallonmu.

An sallame mu ranar Alhamis, da katin ganin likita nan da wata biyu. Na sayar da buhun geron da na ajiye saboda azumi, na sayo inhela ɗaya na rigakafi. Wata guda zai yi mata.