Yadda Shayin Dare Ya Ci Min Turmi

A unguwarmu da haƙora aka san ni. Idan aka kawo lemon kwalba majalisa aka rasa mabuɗi, ni ake miƙo wa, in sa turmi in ɓalle marfin in tofar, yara su yi ta shewa. Rake kuwa ban taɓa neman wuƙa a kansa ba. Shi ya sa duk daren da uwargida ta ce, "Baban Ummi, haka za ka kwanta ba ka wanke baki ba?" sai in ce mata zaki ma ba shi da buroshi.

Kullum bayan isha'i ina teburin mai shayi. Ko zama ban gama yi ba zai ce, "Yallaɓai, na kullum?" Na kullum ɗin shi ne shayi mai kauri, madara rabin gwangwani, sukari cokali huɗu, da burodi mai yanka-yanka. Ina lashe kofin sai gida, sai filo. Da safe nake goge baki, shi ma haƙoran gaba kawai, waɗanda ke fitowa a hoto, da wani buroshi da na saya tun kafin canjin kuɗi na 2022, wanda gashinsa ya baje kamar tsintsiyar makarantar allo. In na tofar na ga jini, sai in ji daɗi, in ce yau kam gogewa ta kai gogewa.

Dubuna ta cika ne a gidan suna. Na gama da soyayyen naman rago, na fasa ledar ruwa mai ƙanƙara na kurɓa. Wallahi ji na yi kamar an jona min wayar lantarki daga muƙamuƙi zuwa tsakar ka. Na daure na yi wa angon ƙarni murmushi. Da dare kuwa babu wanda ya runtsa a gidanmu. Kafin asuba kuncina ya tashi kamar na ɓoye lemon tsami a ciki.

A majalisa kowa likita ne. Wani ya ce tafarnuwa, wani ya ce gishiri da ruwan ɗumi. Kanumfari dai ba zan ci amanarsa ba, ya kashe zafin na ɗan lokaci. Wani makanike ya rantse cewa ɗigon ruwan batir ɗaya ya isa, ko tsutsar ƙarfe ce sai ta mutu. Na tuna yadda ruwan batir ya huda masa wando, na ce a kai kasuwa.

Kasuwar kuwa na je da ƙafata. Wani mai magani ya zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, ya ce in buɗe baki hayaƙi ya shiga, sannan ya nuna min wasu fararen abubuwa guda bakwai suna yawo a kwanon ruwa. "Ga ɓarayin nan," in ji shi. Na ba shi naira dubu uku har da godiya. Ban kai ga hawa adaidaita sahu ba ciwon ya dawo, da alama ma hayaƙin ya ɓata masa rai.

Kwana na huɗu na miƙa wuya na tafi asibitin haƙori. Likitar yarinya ce, ba ta kai autarmu ba. Ta kwantar da ni a kujerar nan mai lanƙwasa, ta haska fitila, ta zura wani ɗan madubi mai tsawon cokali. Sai ta yi shiru. Don in sauƙaƙa mata aiki na ce ai an riga an cire tsutsotsin, guda bakwai. Ta cikin takunkumi ma na ga tana danne dariya.

"Malam, babu tsutsa a haƙori," ta ce. Ashe ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a cikin farin dattin nan da ke manne wa haƙori. Sukari suke ci, su fitar da wani tsami mai narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali har ya zama kogo. Yawu ne ke wanke tsamin, shi kuma da mutum ya yi barci sai ya ragu. "Wato kai kullum kana kai musu abincin dare, sannan ka rufe musu ƙofa ka kashe fitila."

Jinin da nake alfahari da shi kuma dasashi ne ya kumbura. Dattin ya daskare a gindin haƙoran ya zama kamar siminti, buroshi ba ya iya masa sai an kankare. In aka bar shi, in ji ta, ko haƙorin da bai da kogo sai ya fara girgiɗi ya fita da kansa. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kada sukarin mutum ya wuce wajen ƙaramin cokali shida a yini, alhali kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan tara. Ban gaya mata girman cokalin mai shayinmu ba.

Biyu za a cike, ɗaya ya wuce ceto. Da na hango allurar, ni da nake ɓalle marfin kwalba, sai ga ni na damƙe hannun nas ina salati da ƙarfi har na kan layi suka leƙo. Na shiga da haƙora 32, na fito da 31.

Baki cike da auduga na saurari sharuɗɗa: gogewa sau biyu, na dare ya fi muhimmanci, minti biyu cur, da makilin mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a tofar kawai kada a bi da kurkura, buroshi mai laushi, a canja shi duk wata uku. Na yi ƙoƙarin kare kaina da cewa Innarmu ta doshi tamanin, asuwaki kawai ta sani, kuma har gobe tana tauna aya. Ta ce asuwaki yana aiki in ana kai shi kowane lungu, ta tambaye ni sau nawa Inna ke yi. Na ce duk alwala. "Tana zuwa teburin mai shayi?" Na yi kamar audugar ce ta hana ni magana.

Na taho da turmin gida a ƙulle a leda. Ummi, wadda take tsakiyar famfara, ta duba shi, ta duba bakina, ta ce in yi maza in jefa shi kan rufi kuma in rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, in ba haka ba sabo ba zai fito ba. Na ce mata na manya ba ya sake fitowa. Ta juya wajen uwarta ta ce, "Umma, Abba ya bari ƙadangare ya gani."