Magini na tambayar gabas don ban ɗaki, ba ya tambaya don rana

Jiya bayan isha'i na je gaishe da yayana a sabon gidan da ya tare a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Na tarar da kowa a tsakar gida, an baje tabarmi, yara har sun fara gyangyaɗi, ɗakin barcin da ya ci kuɗi kuwa ba kowa ciki. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Shiga ka dafa bangon yamma." Na dafa, wallahi sai ka ce tandar waina da aka sauke yanzu, ga shi ƙarfe tara ta wuce.

Ina wurin ranar da aka ja igiyar harsashin gidan nan. Magini ya tsaya ya tambayi ina gabas, don kada ban ɗaki ya kalli alƙibla, kuma ya kyauta. Amma ba wanda ya ce uffan a kan inda rana za ta bugi ɗaki, har da ni. Aka dasa ƙatuwar taga mai gilashi tana kallon yamma, wai don a riƙa ganin titi.

Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa ranar tsaka kusan a kan maɗigarmu take wucewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta takan ɗan karkata arewa, sauran shekara ta koma kudu. Ke nan bangon kudu da na arewa ba su da wuyar sha'ani, 'yar rumfa ko bakin kwano da ya ɗan fito ya isa ya yi musu inuwa. Ranar hantsi da ta la'asar su ne masu shigowa a kwance, ba rumfar da ke tare su. Ta hantsi da sauƙi, tunda iska ba ta gama ɗaukar zafi ba. Ta la'asar kuwa, a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, siminti ne ke shanye ta ya ajiye, da dare ya amayar wa mai barci. Fanka sai dai ta yi ta juya hucin.

Don haka ni a ganina ɗaki ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa da tagoginsa su kalli kudu da arewa, ya ba ranar la'asar gajeren gefensa kawai. Tagogin in suna kallon juna, iskar da ke kaɗowa daga kudu maso yamma gab da damina za ta ratsa ɗakin. Da hunturu a rufe ta arewa saboda ƙura. Kakata ba ta san digiri ba, amma soronta bango ne mai kauri na tubali da 'yar taga can sama, da azahar ka shiga kamar ka leƙa randa.

Na san wani zai ce ai fili yadda hukuma ta yanka shi haka za ka karɓa. Gaskiya ne, titi ke zaɓar maka ƙofar gida. Amma cikin filin wa ya hana ka? Tura madafa da sito da ban ɗaki yamma su sha ranar, ɗakin barci ya fake bayansu. Wannan ko dala bai ƙara wa kuɗin gini ba. Wanda ya kwana a garin nan a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ya san banbancin ɗakin da ke da sanyin kansa da wanda ke jiran kuran.

Abu guda ne ke son rana a gida, faifan sola. Shi a juya fuskarsa kudu, a ɗan jingine shi wajen digiri 15, a riƙa goge masa ƙura. Na sha ganin waɗanda aka kwantar a kan kwano duk inda rufin ya kalla, sannan a ce batir ne ba shi da kyau.

Yaya dai ya sa an kafa masa zana a bayan tagar nan, ya kuma dasa bedi biyu a gefen yamma. Da zan tafi na haska su da fitilar waya, ko gwiwata ba su kai ba.