Ƙaramin garin da ya koro Bani Isra'ila da gudu

Duk wanda ya ji labarin shigar Bani Isra'ila ƙasar Kan'ana, ganuwar Ariha ya fi riƙewa: an yi kwana 7 ana zagaya gari, aka busa ƙaho, katanga ta zube. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya, ranar da wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ai ya koro su da gudu.

Kafin mu kai can, a dubi wanda ya ja ragamar, Annabi Yusha'u ɗan Nun, wanda Kiristoci ke kira Joshuwa. Shekara 40 kafin wannan rana, yana cikin mutum 12 da Annabi Musa ya aika leƙen asirin ƙasar. Littafin Ƙidaya na Baibul ya ce kwana 40 suka yi, suka dawo da nonon inabi wanda sai da mutum biyu suka ratayo shi a sanda. Amma 10 daga cikinsu suka tsaya a bainar jama'a suka ce mutanen can ƙatti ne, mu kamar fāra muke a gabansu. Nan take gwiwar kowa ta yi sanyi. Suratul Ma'ida ta kawo maganar mutum biyun da suka tsaya kyam, waɗanda malaman tafsiri suka ce Yusha'u ne da Kalib: ku shigar musu ta ƙofa, ku dogara ga Allah. Ina son a lura, sun faɗi ta inda za a shiga, sannan suka haɗa da tawakkali. Jama'a suka ce wa Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Sakamakon haka ne suka shekara 40 suna ɗimuwa a sahara.

Da jagoranci ya zo hannun Yusha'u, bai maimaita wancan tsarin ba. Mutum biyu kacal ya aika Ariha, a asirce, kuma shi suka kawo wa rahoto. Ya sa shugabanni su zagaya sansani su ce kowa ya haɗa guzuri, nan da kwana 3 za a haye Kogin Urdun. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na wani annabi da zai fita yaƙi, wanda ruwayar Imamu Ahmad ta nuna Yusha'u ne. Cewa ya yi kada wanda ya ɗaura aure ba a tare ba ya bi shi, ko wanda ya yi gini bai rufa ba, ko wanda ya sayi tumaki ko raƙuma masu ciki yana jiran haihuwarsu. Wallahi wannan tacewar tana burge ni. Ya gwammace rundunarsa ta ragu da ya tafi da mutumin da ƙafarsa ke fagen daga, zuciyarsa na gida.

To, mai irin wannan tsari ne aka koro mutanensa a Ai. Littafin Joshuwa ya ce 'yan leƙen asiri sun je sun dawo suka ce kada a wahalar da jama'a, mutanen garin ba su da yawa, mutum 2,000 ko 3,000 sun isa. Aka tura kimanin 3,000. Babu kwanton ɓauna, babu dabara, shi kansa jagoran bai je ba. Aka fatattake su a gangare, aka kashe kusan mutum 36. Littafin ya ɗora laifin a kan wani mai suna Akan, wanda ya ɓoye alkyabba da azurfa da zinariya daga ganimar Ariha a ƙarƙashin tantinsa, kuma wancan hadisin ma ya ambaci satar ganima a rundunar. Ba na musun haka ko kaɗan. Sai dai ina ganin ɓarakar biyu ce ta haɗu a rana guda: ɓarawo a cikin gida, da raini a bakin masu kawo rahoto. Dukansu kuwa ɗanɗanon nasarar Ariha ne ya haife su.

Abin nan yana ci mini rai, domin kullum muna ganinsa. Ɗan kasuwa ya yi bincike sosai a safararsa ta farko, kaya suka ƙare cikin mako. A ta biyu sai ya ci bashi ya ninka kaya, bai ko tambayi farashi ba, wai ai ya san hanya.

Komawa ta biyu Ai daban take. An fara tsarkake sansani. Aka fita da mayaƙa gaba ɗaya, aka ɓoye wasu da dare a yammacin gari, tsakanin Betel da Ai, Yusha'u kuma ya kwana cikin mutanensa. Da safe suka yi kamar sun sake tserewa, mutanen Ai suka biyo su suka bar ƙofa a buɗe, ba su farga ba sai da suka waiga suka ga hayaƙi. Gudun da ya zame musu abin kunya jiya, shi suka mayar tarko.

Wata magana a gefe. Wannan tsohon labari ne na littattafan addini, kuma masu haƙar tarihi irin su Kathleen Kenyon, wadda ta yi aiki a Ariha daga 1952 zuwa 1958, suna da saɓani kan lokacin da ganuwar ta faɗi. Ba ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948 nake magana a kai ba, kuma ban yarda kowa ya ɗauki labarin ya halatta jinin wani da shi a yau ba.

Ko bayan Ai ma an yi wa Bani Isra'ila shigo-shigo ba zurfi. Mutanen Gibeyon, maƙwabta na kusa, suka zo da tsofaffin buhuna, da takalma masu faci, da busasshiyar gurasa mai fumfuna, suka ce daga ƙasa mai nisa suke, a ƙulla alkawari da su. Shugabanni suka duba guzurin, ba su nemi shawarar Allah ba, ba su aika kowa ya bincika ba, suka rantse. Bayan kwana 3 gaskiya ta fito. Jama'a suka yi ta gunaguni, amma rantsuwa ta riga ta fita, dole aka riƙe ta, har daga baya sai da Yusha'u ya kwana yana tafiya da runduna daga Gilgal don ya kare mutanen da suka yaudare shi.