Agogon Alhaji da Buta

Tun da Malam Tanko, tsohon hedimasta, ya yi ritaya, ya mai da zaurensa na Rafindaɗi wurin haɗa agogo. Ba sana'a ba ce, shi da bakinsa yake cewa jaraba ce. Yakan sa a kawo masa gida da fuska da tsinkaye daga Gwanzu ta ƙasar Sin, ya nemo inji, ya zauna da hantsaki da madubin ido ɗaya ya haɗa abin da zai yi kama da na manya. Ranar nan da hantsi, ga Jauro zaune bakin tabarma yana jiran a canza wa agogonsa na roba batir, sai ga Alhaji Maikuɗi ya yi sallama, wani dillali Bakano na biye da shi.

ALHAJI: Malam, aiki na kawo maka, amma ka wanke hannu tukuna. Rolex ne.

MALAM: Barka da zuwa, Alhaji. Mi ya same shi?

ALHAJI: Gaggawa. Ran Asabar aka ce ɗaurin aure ƙarfe 11 a Ƙofar Marusa. Na isa daidai, ban iske kowa ba sai awaki da mai shimfiɗa tabarmi.

BAKANO: Ai alamar na asali ke nan, Alaji. Shi ba ya jiran mutane, mutane ke biyo shi.

ALHAJI: Sannan ga hazo cikin gilashin. Tun da na yi alwala da shi shekaranjiya nake ganin lokaci kamar ana hunturu.

MALAM: Miƙo in gani. To, wannan fuskar Submariner ce, agogon masu nutso. A 1953 aka fara yin shi. Ga shi an rubuta zai jure zurfin mita 300.

ALHAJI: Haka ya ce mani.

MALAM: Ko Dam ɗin Ajiwa bai kai kusa da haka ba. Amma ka ce buta ta gama da shi?

JAURO: Aradu butar Alhaji tana da zurfi.

BAKANO: Ruwan gishiri aka yi shi domin shi, Malam. Na rijiya baƙo ne a wurinsa.

(Malam ya kara agogon a kunne, ya rufe ido. Zauren ya yi tsit, sai kukan kaza daga cikin gida.)

MALAM: Shida.

ALHAJI: Shida mi? Yanzu ko sha biyu ba ta yi ba.

MALAM: Bugu shida yake yi a daƙiƙa ɗaya. A awa guda 21,600 ke nan. Wanda kake nufi takwas yake yi, 28,800, shi ya sa tsinken daƙiƙarsa ke tafiya sumul kamar an zuba mai. Dubi naka da kyau, yana ɗan ɗingishi.

BAKANO: Zafin Katsina ne. A Suwizalan takwas yake yi, da ya zo nan biyu suka narke.

MALAM: Alhaji, in ka cire shi ka ajiye, kwana nawa yake yi kafin ya tsaya?

ALHAJI: Na ajiye shi daren Alhamis, da la'asar ɗin Asabar na iske shi ya mutu. Na kira wannan, ya ce hutun ƙarshen mako yake yi irin na Turawa.

MALAM: Awa 41 ke nan ko kusa. Na zamani na asali yana kai awa 70. Kuma ga wannan ɗan ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata. A na asali yana ƙara girman lamba sau biyu da rabi, ko tsoho irina zai karanta ba tabarau. Naka sai an ƙanƙance ido. Bari mu buɗe bayansa.

BAKANO: A'a! Malam, kar ka soma! In aka buɗe, iskar kamfani za ta fita. Da ita yake aiki.

JAURO: Kamar taya?

ALHAJI: Buɗe, Malam. In ta fita a yi mashi faci.

(Malam ya share tebur, ya rufe taga saboda ƙura, ya ɗora agogon kan ɗan matashi, ya murɗe murfin. Bakano ya fara duban inda ya aje takalminsa.)

MALAM: Sannu da zuwa, NH35. Injin kamfanin Seiko ne, na Japanawa. Kar ka ɓata rai, Alhaji, jaki ne wajen aiki, ba ya gardama. Ka ga wannan ƙarfe mai kamar rabin wata? In ka motsa hannu ya juya, shi ke wana agogon, shi ya sa babu batir. Waɗannan jajayen ɗige-ɗigen kuma yaƙutu ne, guda 24.

ALHAJI: Yaƙutu! Ka ji ko? To ai ban yi asara ba.

MALAM: Na haɗi ne, a masana'anta ake yin shi. Amfaninsa kawai kada ƙarfe ya ci ƙarfe. In ka tara su duka ka kai kasuwa, ba su sayo maka tsiren kirki ba.

ALHAJI: Innalillahi.

MALAM: Gaggawar kuma ga inda take. Ka ga wannan zaren ƙarfe da ya nannaɗe, wanda bai kai kaurin gashi ba? Shi ne zuciyar agogo, yana buɗewa yana rufewa. Ina kake aje shi da dare?

ALHAJI: Kan lasifikar rediyo, don kada yara su taɓa.

MALAM: Akwai maganaɗisu cikin lasifika. Ya kama zaren, da'irorin suka manne da juna, ya zama kamar ya gajarta, sai ya riƙa sauri. Wannan ba ciwo ba ne, ina da 'yar na'urar da ke cire shi kafin ka gama tauna goro. Hazon kuma ɗan maɓallin gefe da ake wana agogo da shi ne ka bari ba ka murɗe ba, ga robar da ke tare ruwa ta bushe. Sai an canza ta, a wanke injin, a sa mai.

ALHAJI: Akwai man keken ɗinki a gida.

MALAM: Ka rufa mani asiri. Man agogo daban ne, da bakin allura ake ɗiga shi. In ɗigon ya kai ƙwayar gero ka yi ambaliya.

BAKANO: To ai ka ji, Alaji, Japan ma Turai ce ta gabas. Kuma ni ban ce maka daga Jeniba ta Suwizalan, garin masu Rolex, na ɗauko shi ba. Ta Makka ya biyo. Malam, juya murfin, akwai hatimin Larabci a ciki. Wanda ya sayar mini ya rantse.

ALHAJI: Wannan gaskiya ne, ya faɗa mani. Saboda hatimin na ƙara mashi kuɗi.

(Malam ya juya murfin, ya sa madubi, ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.)

ALHAJI: Lafiya, Malam?

MALAM: Ba Larabci ba ne. Ajami ne. Jauro, ka yi allo, zo ka karanta.

JAURO: Ja... bu... ne. Tan... ko... ya... ha... ɗa.

MALAM: Ni na haɗa shi, bara da azumi, a kan wannan teburin. Dare huɗu na yi ina fama da tsinken daƙiƙa, sau biyu yana tsalle daga hantsaki muna neman shi da tsintsiya. Duk wanda na haɗa sai na yi mashi wannan rubutun, don kada a cuci wani da aikina. Ɗan ƙanena na ba da ya gama bautar ƙasa. Ashe ja'irin ya kai shi Kano.

ALHAJI: Wato daga Rafindaɗi ya tashi, ya je Kano, ya dawo mani Ƙofar Ƙaura da kuɗin bijimi biyu?

JAURO: Bijimi biyu! Aradu da ka zo wurina. Saniya tana faɗin asuba, kuma tana ba da nono.

BAKANO: Alaji, a yi adalci. Su kansu masu Rolex ɗin a Landan suka fara a 1905, sai daga baya suka koma Jeniba. Kowane agogo yana da inda ya fito da inda aka ce ya fito.

MALAM: Wannan kam ka faɗi daidai, yau ɗaya.

ALHAJI: Kai, zauna! Ina za ka?

BAKANO: Alwala zan yi.

ALHAJI: Da sauran lokaci. Agogona ma da ke gaggawa bai ce ta yi ba. Kuɗina!

BAKANO: Kuɗi sun shiga kaya, Alaji. Amma akwai wani Omega a hannuna, irin wanda aka je duniyar wata da shi a 1969...

MALAM: Mai baƙar fuska, da ɗan tabo kusa da ƙarfe tara?

BAKANO: Kai, Malam, wai kai ba ka barci ne?

(Alhaji ya cire hula, ya share gumi, ya matso kusa da Malam, ya rage murya.)

ALHAJI: Malam, mu yi magana ta manya. Na sa shi a ɗaurin aure bakwai. Surukina ya taɓa shi ya yi mani addu'a. Gyara shi, ka kankare rubutun nan, ka rufe. Wa ya sani ban da mu huɗu?

MALAM: Gyara zan yi, kyauta ma, ai ɗana ne ya dawo gida. Ka dawo bayan kwana uku. Rubutu kuwa yana nan. In kana so in cire maka sunan Rolex daga fuskar in sa wadda ba suna, wannan yanzu zan yi.

ALHAJI: In ka cire sunan, mi ya rage?

MALAM: Agogo.

ALHAJI: Ni agogo na ce maka ina so?

BAKANO: Malam, tunda abin ya zama na gida, guda goma nawa za ka haɗa mini? Amma ban da ajamin.

MALAM: Jauro, miƙo mani sandar can.

(Bakano ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Malam ya ɗauki agogon Jauro, ya kwance ƙananan kusoshi huɗu, ya sa batir, ya mayar.)

MALAM: Ga naka, Jauro. Casio ne, tun 1989 ake yin irinsa. Ɗan dutsen da ke ciki yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Sai bayan shekara bakwai in muna raye.

ALHAJI: Dubu talatin da biyu? Nawa shida? Jauro, zo mu yi musaya. Ka riƙe wancan in an gyara, ka ba ni naka in yi kwana ukun nan da shi.

JAURO: A'a, Alhaji. Nawa ba ya tsoron buta.