Ledar Fiyawata a Kan Dutsen Dala

Ranar Asabar da sassafe na ɗauki yarana biyu muka hau Dutsen Dala, su sha iska su ga birnin Kano daga sama. Tun a hanya nake ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da mutanen da suka zauna a gindin dutsen tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999.

Muna kaiwa sama, me za mu gani? Ledojin fiyawata ko'ina iska na kaɗa su, ɓawon rake, robobin lemo, ƙuda na ta bi. Ƙaramar ta ce, "Baba, nan ne wurin tarihin?" Wallahi kunya ta kama ni.

Haba jama'a! Ka iya hawo duk matakalar nan da ruwa a hannu, amma saukowa da ledar ya gagare ka? A gabana wani saurayi ya shanye ya yar, ya gyara tsayuwa yana ɗaukar hoto, ga Goron Dutse can bayansa. Na yi masa magana, sai ce mini ya yi ai kowa ma yi yake.

Muka tsince abin da ya samu, muka sauko raina a ɓace.